Koyon Damben Gauraye A Gida

Tun 'yan shekarun nan wani irin wasa ya shiga ran samarin Maiduguri, wanda su ke kira MMA. Mafi yawansu ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, sai a wayar hannu ko a gidan kallon ƙwallo. Duk da haka, in ka zaga ɗakunan kwanan ɗalibai da maraice ba za ka rasa wanda ya rataye buhu yana ta kirɓa ba, ko wasu biyu da suka jawo katifa ƙasa suna gwada abin da suka kalla jiya. Waɗansu 'yan'uwana ɗalibai sun sha tambayata ko mutum yana iya koyon wannan wasa shi kaɗai a gida, da ya ke sun san na daɗe ina motsa jiki ta wannan hanya a tsakar gidanmu. Abin da na kan gaya musu shi ne, rabi yana koyuwa a gida, rabi kuwa ba ya koyuwa, kuma wanda bai san inda iyakar ta ke ba yana iya karya kansa ko ya hallaka ɗan'uwansa. Saboda haka na ga ya kamata in kawo bayanin cikin mujallarmu, musamman tun da mu ne malaman gobe, yaran da za a danƙa mana kuwa su ma suna kallo.

Haruffan nan uku gutsure ne na kalmomin Turanci, ma'anarsu dabarun faɗa a gauraye. Ni dai zan kira shi damben gauraye. Dalilin sunan kuwa, ga shi. Ɗan dambenmu na gargajiya hannu ɗaya ya ke naɗewa, ɗaya hannun ya miƙa shi garkuwa, da zarar abokin karawa ya kai ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Ɗan kokawa ba ya duka, kamawa ya ke ya kayar, shi ma kayen ne ƙarshen magana. A damben gauraye an haɗa duka biyun, an ƙara na uku. Ana faɗa a tsaye da naushi da shuri da gwiwa da gwiwar hannu. Ana rungumar juna a nemi kaye. Sa'an nan in an kai ƙasa ba a raba su, nan ma wani sabon faɗa ya ke farawa, watau dannewa, da murɗe gaɓa, da shaƙe wuya, har ɗaya ya bubbuga da hannu alamar ya sallama.

Kada mai karatu ya zaci faɗan kan titi ne marar doka. Ana yin turmi uku, kowane turmi minti 5, da hutun minti ɗaya tsakani. In wasan neman kambu ne a yi turmi biyar. Ana auna 'yan wasa a ma'auni, ba a haɗa ƙato da ƙaramin mutum. An hana cizo, da tsokale ido, da karo da ka, da jan gashi, da dukan al'aura, da dukan ƙeya ko ƙashin baya. Akwai alƙalin wasa a cikin fili wanda ke da ikon tsai da faɗa ko da wane lokaci, akwai likita a gefe, akwai kuma alƙalai uku masu ba da maki in lokaci ya cika ba wanda ya sallama. Ku riƙe wannan, gama duk waɗannan mutane babu ko ɗaya daga cikinsu a ɗakin kwanan ɗalibai.

Kamfanin da ya fi shahara a wannan sana'a, UFC, ya yi gasarsa ta farko a birnin Denba na Amurka cikin watan Nuwamba 1993. A lokacin dokokin ba su kai haka ba, ko awon nauyi babu. An tara gwanaye takwas na fannoni dabam dabam don a ga fannin wa ya fi. Wanda ya cinye gasar wani ɗan Birazil ne mai suna Royce Gracie, mutum ba ƙato ba, gwanin kokawar ƙasa da a ke kira jujitsu. Ya yi wasa uku a dare ɗaya, duka ukun abokan karawarsa sallamawa suka yi. Na farkonsu ɗan damben Turawa ne, Art Jimmerson, wanda ya shigo fili da safar dambe a hannu ɗaya tak, sai ka ce ɗan damben Guramada. Ko naushi ɗaya mai kyau bai samu ya kai ba aka kai shi ƙasa, da ya ga bai san hanyar tashi ba ya sallama. Tun daga ranar masu wannan wasa suka gane ƙarfin naushi ba ya amfanar wanda bai iya tsayuwa da ƙafafunsa ba.

Abin da ya ƙara jawo hankalin samarinmu shi ne 'yan Afirka uku da suka riƙe kambun UFC a lokaci guda cikin 2021. Akwai Kamaru Usman, haifaffen Auchi, wanda ya ci kambun ajin kilo 77 a watan Maris 2019 ya riƙe shi har Agusta 2022. Akwai Israel Adesanya, haifaffen Legas, wanda ya ci na ajin kilo 84 a 2019. Akwai kuma Francis Ngannou na ƙasar Kamaru, wanda ya ci na masu nauyi a watan Maris 2021. Yara suna ganinsu su ce ai mu ma za mu iya. Madalla. Amma a duba hanyar da kowannensu ya bi. Usman da kokawa ya fara tun yana ɗan makarantar sakandare a Amurka, har ya ci gasar kokawa ta ajin jami'o'i irin tasa a 2010, duk kafin ya shiga damben gauraye. Adesanya ya yi shekaru yana damben shuri a hannun malamai a Niyu Zilan. Ngannou ya tashi yana haƙar yashi a ƙauyensu, ƙarfi kam yana da shi, amma sai da ya kai Faris ya sami mai koyarwa sa'an nan ya zama ɗan wasa. Haka Habib Nurmagomedov na Dagestan a ƙasar Rasha, wanda ya yi wasa 29 ba a taɓa cinsa ba har ya bari a 2020, mahaifinsa malamin kokawa ne, shi ya horar da shi tun yana yaro. Ba ɗaya cikinsu da ya koya daga waya.

To, me gida ke iya bayarwa? Yana bayar da abu mai yawa, kuma shi ne tushen, wanda masu gaggawa ke tsallakewa.

Mu nan Allah ya hore mana abin da waɗansu ke saye da kuɗi, watau rairayi. Fili mai taku biyar tsawo da taku biyar faɗi ya isa. A share shi sosai, a tsince ƙusa da fasasshiyar kwalba da ƙarangiya, a kuma riƙa dubawa saboda kunama. In ƙasar ta yi tauri a sassaƙe ta da fartanya. Daɓen siminti kuwa a nisance shi ga duk abin da ya shafi faɗuwa. Game da lokaci, bayan sallar asuba ya fi, ko bayan la'asar sakaliya. Kowa ya san bazarar Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan wuce digiri 40, wanda ya fita yana tsalle da azahar a wannan lokaci ba jarumi ba ne, neman asibiti ya ke. A sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. In fitsari ya yi ja kamar shayi, ruwan jiki ya yi ƙaranci ke nan. In mutum ya ji jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ya tsaya nan take ya shiga inuwa. Da hunturu kuma ƙura ce abin lura, musamman ga mai ciwon asma. Da azumi a rage aikin, a mai da shi bayan an sha ruwa an huta. Mai ciwon sikila, ko hawan jini, ko farfaɗiya, ko wanda zuciyarsa ke damunsa, ya ga likita tukuna.

Watan farko ni ba na son mai koyo ya doki kome. Numfashi za shi nema. Minti biyar a baki ba wani abu ba ne, amma wanda ya taɓa yin kokawa da sa'ansa ya san kafin minti biyu hannuwa sun yi sanyi, ƙirji yana wuta. Maganin wannan gudu ne da tsallen igiya. A fara da gudun sassarfa na minti 15, kwana uku a mako, ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Igiyar shanya ta isa tsalle. Bayan wannan sai ayyukan ƙarfi, waɗanda ba su bukatar ƙarfe ko ɗaya: a kifa ciki a dafa ƙasa, jiki a miƙe kamar taɓarya, a sauka a ɗago, a tsuguna a miƙe, baya a tsaye, diddige a ƙasa, a kama reshen darbejiya mai ƙwari a ja jiki sama har haɓa ta kai. Abin dariya, rabin waɗannan su ne gwale-gwalen da a ke sa yara in sun makara, shi ya sa da yawa suka tashi suna ƙinsu. Malamin da ke horo da motsa jiki yana koya wa yaro ƙin motsa jiki ne, amma wannan wata magana ce dabam. Wanda ke son ɗaukar nauyi ya dubi jarkar masu moya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ana iya zuba daidai abin da a ke so, a rungume ta a ƙirji a tsuguna da ita, ko a ɗauki biyu a zaga tsakar gida. Kada a yi aikin ƙarfi kullum. A tsallake kwana ɗaya, domin a lokacin hutu da barci tsoka ke ginuwa. Abinci kuwa wanda mu ke da shi ya wadatar: wake, ƙwai, gyaɗa, ƙuliƙuli, nono da fura, da bandar kifi ta Tashan Baga. Garin gwangwani mai tsada da a ke talla ba dole ba ne.

Sai tsayuwa, a nan kuwa zan ɗan daɗe, gama ita ce abin da gida ya fi iya koyarwa, ita ce kuma wadda ba a kula da ita. Mai amfani da dama ya sa ƙafar hagu gaba, bahago ya sa ta dama. Tsakanin ƙafafu ya kai faɗin kafaɗa ko ya ɗan ɗara, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, diddigen baya a ɗage kaɗan, nauyin jiki a rabe tsakanin ƙafa biyu. Haɓa a sunkuye, hannuwa biyu a kusa da kunci, gwiwar hannu ta manne da haƙarƙari. Wanda ya saba kallon dambenmu zai ga bambanci. Ɗan dambe ya kan buɗe ƙafafu sosai, ya ba da gefe, ya ja hannun da ya naɗe can baya don ya sami nisan lilo. Wannan tsayuwa ta dace da wasansa, da ita Shago ya yi sunan da har yau a ke ambata. Amma a damben gauraye ƙafar gaban nan da aka miƙa sadaka ce, ko a sassare ta da shuri ko a sure ta a kayar.

Ƙa'idar tafiya ɗaya ce. Duk inda za ka nufa, ƙafar da ta fi kusa da wajen ita ke fara tafiya, ɗayar ta biyo ta da taku daidai da nata. In gaba za ka, ta gaba ta fara. In baya, ta baya. Haka hagu da dama. Ƙafafu ba su haɗuwa, ba su kuma giftawa, domin a daidai lokacin da suka gifta ko yaro ya ture ka sai ka faɗi. Ga wata dabara da rairayinmu ke ba mu kyauta. Ka share fili ya yi sumul, ka ja layi biyu a jere da kara, tsakaninsu faɗin kafaɗarka. Ka yi gaba da baya a kansu na minti uku, sa'an nan ka fita ka dubi sawunka. In sawu ya bi layi biyu, ka yi daidai. In ya taru a tsakiya, kana haɗe ƙafa. In ka ga dogon jan ƙasa, kana jan ƙafar baya maimakon ɗaga ta. Wanda ba shi da malami, sawunsa ya gaya masa gaskiya. Haka kuma inuwa. Da hantsi ka juya wa rana baya ka fuskanci katanga, ka yi dambe da inuwarka minti uku, ka huta ɗaya, har sau uku. Inuwa za ta nuna maka in hannunka yana faɗuwa bayan ka kai naushi, wanda shi ne laifin kowane sabon shiga. Mai waya ya jingina ta ya ɗauki kansa ya kalla. Wannan ne ma amfanin waya da ya fi kallon gwanaye.

Naushi biyu sun ishi mai koyo wata uku: miƙaƙƙe na hannun gaba, da miƙaƙƙe na hannun baya. Ƙarfin naushi ba daga damtse ya ke fitowa ba. Daga ƙasa ya ke tasowa, ƙafar baya ta murza, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ya isar da saƙo, kamar yadda mai sassabe ke juya jikinsa duka ba hannu kaɗai ba. A fitar da numfashi tare da naushin, a mai da hannu kunci ta hanyar da ya fita. Wuyan hannu ya zama a miƙe, kuma gaɓoɓin manuniya da na tsakiya su ne za su sauka. Wanda ya yi lilo ya sauka da gefen ƙaramin yatsa ya kan karya siririn ƙashin da ke bayansa, karayar da likitoci suka sani ƙwarai har suka sa mata sunan 'yan dambe. Ɗalibi kuwa da wannan hannu ya ke rubuta jarrabawa.

Wannan ya kawo mu ga buhu. Kusan kowa rairayi zalla ya ke ɗurawa, wannan kuwa kuskure ne, domin bayan kwana kaɗan rairayin ya kan taru a gindi ya daskare kamar dutse. A je wurin tela a roƙi ƙyallayen da ya ke zubarwa, a cusa su dam a buhu biyu, ɗaya cikin ɗaya. In ana son nauyi a ƙulla rairayi kaɗan a leda a sa a tsakiya, tsumma ya kewaye shi. Garin katako ko ɓuntun shinkafa ma suna yi. A rataye shi a reshe mai kauri yadda tsakiyarsa za ta yi daidai da ƙirji. Kada a doke shi da hannu tsirara. A yanki ƙyalle mai faɗin yatsa uku, tsawon kamar mita 4, a naɗe wuyan hannu da bayan yatsu, in da halin safar dambe a ɗora. Shuri kuma da ƙwauri a ke yinsa, ba da yatsun ƙafa ba, a fara a hankali, ƙasa ƙasa. Na kan ji yara suna cewa wai a riƙa murza kwalba ko buga taɓarya a ƙwauri don ya yi tauri. Babu abin da wannan ke jawowa sai kumburi da gyambo. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne sannu a hankali, da gudu da dukan buhu na wata da watanni.

Akwai darasi guda da na fi so kowa ya koya, har wanda ba ruwansa da dambe, shi ne iya faɗuwa. Masu judo, wasan da wani malamin makaranta ɗan Jafan mai suna Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882 (sunan ne kawai ya zo ɗaya da Kanon Dabo), da wannan su ke fara koya wa yaro kafin ya kayar da kowa. Ɗabi'ar mutum in zai faɗi ya miƙa hannu ya tokare ƙasa, nan ne wuyan hannu ko gwiwar hannu ko ƙashin kafaɗa ke karyewa. Abin da a ke so, ka manne haɓa da ƙirji don ƙeya kada ta bugu, ka lanƙwasa baya kamar ƙwarya, ka mirgina, ka mari ƙasa da dukan tsawon hannu a gefenka. A fara daga zaune, sa'an nan daga tsugune, sai an ƙware a yi daga tsaye. Bayan wannan akwai motsin ƙasa da mutum ke iya yi shi kaɗai: ya kwanta rigingine ya kafa ƙafafu ya ɗaga ƙugu sama, wanda da shi a ke ture wanda ya hau ruwan ciki, ya kwanta a gefe ya tura ƙugu baya don ya zame daga ƙarƙashi, ya koyi tashi da hannu ɗaya a ƙasa ɗaya yana kare fuska, ya kuma koyi watsa ƙafafu baya da sauri ya saukar da ƙugu, wanda shi ne maganin mai sunkuyowa ya suri ƙafa.

Duk wannan 'yan'uwanmu mata ma suna iya yi a cikin gida ba tare da sun fita ko sun cuɗanya da kowa ba, kuma ina ganin iya faɗuwa da iya zamewa daga riƙo sun fi yi musu amfani fiye da mu. A can ma mata suna wannan wasa, UFC ta fara sa su tun 2013.

Iyakar gida ke nan. Buhu ba ya ramawa, inuwa ba ta kaucewa. Sanin nisa, da sanin lokacin da a ke kai hannu, da natsuwa sa'ad da wani ke neman ka, ba su samuwa sai da abokin karawa. To, a nan ne samari ke cewa bari mu gwada da juna, a nan ne kuma haɗarin ya ke.

Mu ɗauki shaƙa. A gefen wuya akwai manyan jijiyoyi biyu masu kai jini ƙwaƙwalwa. In aka matse su duka biyu sosai, mutum ya kan suma cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka. Gwanin da ka gani a waya yana saki nan da nan domin alƙali yana tsaye a kansu, idonsa a kan hannun wanda aka shaƙe. Yaro a ɗakin kwana yana bayan abokinsa, ba ya ganin fuskarsa, wanda ya suma kuwa ba ya iya bubbugawa, har wani lokaci jikinsa ya kan yi fizge-fizge mai shaƙar ya zaci ƙoƙarin ƙwacewa ya ke, ya ƙara matsewa. Ƙwaƙwalwa kuwa in ta rasa jini na 'yan mintoci ta lalace ke nan, ba ta komawa. Murɗe gaɓa ma haka, tsakanin jin zafi da tsinkewar jijiyar gwiwa ƙiftawar ido ce, sabon shiga bai san inda zai tsaya ba. Waɗannan biyu ba na gida ba ne ko kaɗan.

Dukan kai kuma, ƙwaƙwalwa tana cikin ruwa ne a cikin ƙoƙon kai, in aka bugi muƙamuƙi kai ya juya da sauri sai ta girgiza. Sau da yawa ma ba naushin ke yin ɓarna ba, faɗuwar ce, in ƙeya ta sami siminti ko ƙarfen gado. Wanda ya bugu a ka, in ya yi amai, ko ya rikice, ko ya manta abin da ya faru, ko barci ya dame shi, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, a kai shi asibiti nan take, ko da ya ce lafiyarsa lau. Akwai irin zubar jini a cikin kai da mutum zai tashi ya yi hira, bayan 'yan sa'o'i ya faɗi. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, kada kuma ya koma wasa sai likita ya yarda, domin bugu na biyu a kan na farko da bai warke ba shi ya fi muni. Ban da maganar likita, malamanmu na addini suna tunasar da mu hadisin da ya hana dukan fuska, alhali kokawa an san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta da Rukana. Mai dukan buhu da mai kokawa a rairayi ba su shiga wannan matsala ba.

Abu biyu kuma kada a kwaikwaya. Na farko, yadda 'yan wasa ke ƙin shan ruwa su matse gumi don nauyinsu ya sauka kafin awo. Wannan ya kashe wani ɗan wasa ɗan ƙasar Sin mai suna Yang Jian Bing a birnin Manila cikin Disamba 2015, yana da shekara 21. Na biyu namu ne na gida, watau shan tiramol da ire-irensa wai don kada a ji zafi ko gajiya. Zafi shi ne ɗan aiken da ke gaya maka ka tsaya. Ƙwayar nan tana kama mutum ya kasa bari, mai yawanta kuma tana jawo farfaɗiya.

Wanda ya gama wata uku na tushe yana son abokin karawa, shawarata ya nufi kokawa. Abin gadonmu ne, Barebari da Hausawa duk sun san ta, maƙwabtanmu na Nijar ma sun mai da ita wasan ƙasa, suna gasar takobi tun 1975 da aka fara a Tawa, Difa da ke kusa da mu tana cikin masu kai 'yan wasa. Babu duka a ciki, ana yinta a rairayi, a ƙarshe kuma ita ce ta ɗaga Usman da Habib. Sharaɗi dai a haɗa sa'o'i masu nauyi ɗaya, a yanke farce, a cire zobe, a sami na uku mai hankali ya tsaya a kai, a hana ɗaga mutum a soka kansa ƙasa da kama wuya, wanda ya ce a tsaya kuma a sake shi nan take.

Wannan ita ce hanyar da zan so malami ya bi in ya tarar yaransa sun kamu da son wasan. Hani kawai ba ya aiki, bayan aji za su koma su yi inda ba mai gani. Garin nan kuwa ya sha wahala tun 2009, akwai yara a azuzuwanmu da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, waɗansu suna da saurin fushi, waɗansu saurin firgita. Kada a tilasta wa kowa shiga, kada kuma a bari a yi wa wanda aka kayar ihu. A ba su gudu, da igiya, da iya faɗuwa, da kokawa mai doka a gaban malami, a kuma yi musu bayanin jijiyoyin wuyan nan a fili, a zana a allo in ta kama.

Wanda ya ƙudura zai wuce nan ya shiga wasan sosai, lalle ya nemi mai koyarwa. Ya tambaya a sashen motsa jiki na kwaleji, ko na Jami'ar Maiduguri, ko a hukumar wasanni ta jiha, inda masu damben Turawa ko judo ko takwando ke taruwa, gama kowanne cikin waɗannan yanki ne na damben gauraye. In ya sami wuri, kada ya biya kuɗi ranar farko, ya zauna a gefe ya kalli darasi ɗaya. Ya duba ko akwai shimfiɗa mai taushi ko rairayi inda a ke kaye, ko masu gwada duka suna sa safa da robar kare haƙori, ko ana haɗa mutane bisa nauyi da daɗewa, ko ana saki da zarar an bubbuga. In ya ga an tura sabon zuwa gaban tsohon hannu ana jibgarsa wai a gwada zuciyarsa, ya ɗauki takalmansa ya nemi wani wuri.